Gida da Unguwa a Wasannin Kwaikwayon Talabijin na Hausa: Nazari daga Mahangar Gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji

Tsakure

Maƙalar nan ta ɗauki wasannin talabijin na Hausa masu dogon zango, musamman Daɗin Kowa da Gidan Badamasi, ta duba irin gidan da irin unguwar da suke nunawa, sannan ta auna su da zaman iyali a gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji na jihar Maraɗi, inda ake kallonsu amma ba a nan ake shirya su ba. An jawo wasanni biyu na ƙasar Sifaniya domin kwatance. Hujjar da maƙalar ke kafawa ita ce, wasannin sun kama fasalin gidan Bahaushe da masu kai-komo a cikinsa, amma kuɗi da soyayya suke sa iyali su yi rigima a kai, alhali a waɗannan gundumomi gona da rumbu ne ke haɗa iyali, su ne kuma ke raba su.

1.0 Gabatarwa

Babbar hanya mai lamba 1 da ta taso daga Yamai tana ratsa Gidan Rumji, ta bi ta gefen Maraɗi, ta wuce Cadawa da Agye da Gazawa kafin ta kai Tasawa. A kasuwannin da ke bakin wannan hanya ba a rasa rumfar cajin waya, inda ake tura wa mutum fina-finai a katin wayarsa a kan kuɗi kaɗan. Ta nan, da ta faifan tauraron ɗan'adam a gidajen da ke da wuta ko farantin hasken rana, wasannin Kano suke shiga ƙauyuka. Harshe ɗaya ne, addini ɗaya, zumunta kuma ta riga iyakar da Faransa da Ingila suka shata. Saboda haka ba a ɗaukar waɗannan wasanni a matsayin kayan baƙi, kamar yadda ake ɗaukar fim ɗin Indiya ko da an juya shi zuwa Hausa.

Wannan kusanci shi ya sa tambayar da maƙalar ta ɗauko take da nauyi. Wanda ya kalli fim ɗin Indiya ya san ba gidansu ake nuna masa ba. Wanda ya kalli Daɗin Kowa kuwa yana jin gaisuwarsa, yana ganin zaurensa da tabarmarsa, don haka yana da dalilin ɗauka cewa zamansa ake kwaikwaya. Manufar maƙalar ita ce tantance inda wannan ɗauka ta yi daidai da inda ta kauce, da kuma dalilin kaucewar.

2.0 Bitar Ayyukan da Suka Gabata

Ayyukan da suka shafi wannan batu sun kasu gida biyu, kuma ba kasafai ake haɗa su a teburi ɗaya ba.

Kashi na farko ya shafi wasan kansa. Beik (1987) ta nazarci wasan kwaikwayon Hausa a Nijar, ta nuna cewa ƙungiyoyi irin na Damagaram ba su dogara da rubutaccen matani ba. 'Yan wasa kan amince da ƙashin labari, sannan kowa ya zuba maganarsa a fage. Wannan wasa ya bunƙasa ne a zamanin Janar Seyni Kunce (1974 zuwa 1987), lokacin da aka farfaɗo da ƙungiyoyin matasa na samariya, ana gasa tsakanin jihohi, Télé Sahel da gidan rediyon ƙasa suna yaɗawa. Sunan Yazi Dogo ya shiga gidaje ta wannan hanya. Furniss (1996) ya sanya wasan rediyo da talabijin cikin jerin adabin Hausa na zamani, ya kuma lura da yadda ake gina shi a kan sanannun halaye da mai kallo ke ganewa tun kafin ɗan wasa ya buɗe baki. Samanja na marigayi Usman Baba Pategi misali ne a fili. Da fim ɗin bidiyo ya zo, daga Turmin Danya na 1990, sai hankalin manazarta ya koma kan tasirin waje. Larkin (1997) ya bayyana cewa matasan Kano sun ga damuwarsu a fim ɗin Indiya, wato karon da ake yi tsakanin zaɓin zuciya da zaɓin iyaye. Abdalla Uba Adamu, a rubuce-rubucensa da dama, ya nuna cewa babban abin da ya tayar da ƙura shi ne yadda kyamara ta ƙetare zaure ta shiga tsakar gida da ɗakin mace, ta fito da abin da al'ada ta killace.

Kashi na biyu ya shafi iyali a ƙasar Maraɗi. Guy Nicolas ya yi dogon aiki kan tsarin gida da musayar kyauta a kwarin Maraɗi. Claude Raynaut ya bi diddigin yadda kuɗi da ƙarancin ƙasa suka sassauta igiyar gandu. Grégoire (1986) ya rubuta tarihin Alhazan Maraɗi da dukiyarsu. Cooper (1997) ta nuna cewa aure a Maraɗi ciniki ne mai tsawo tsakanin dangi biyu, inda kayan ɗaki da biki da ƙawance suke ba mace abin dogaro. Doka da Monimart (2004) kuma sun ja hankali ga yadda ake ture mata daga noma a kudancin Nijar saboda gonaki sun yi kaɗan.

Masu kashi na farko sun fi damuwa da tambayar daga ina wasan ya aro salonsa. Masu kashi na biyu ba su waiwayi abin da mutanen da suka nazarta suke kallo da dare ba. A tsakanin nan wannan maƙala ta tsaya.

3.0 Hanyar Nazari

Nazarin na matani ne, ba ƙidayar masu kallo ba. An ɗauki wasanni biyu na tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a Kano a 2014. Na farko Daɗin Kowa, wanda aka fara nunawa a 2015, aka gina shi a kan wani ƙirƙirarren gari mai wannan suna. Na biyu Gidan Badamasi, wasan barkwanci da Falalu Ɗorayi ya ba da umarni, Nazir Adam Salih ya rubuta. An taɓo Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad inda buƙata ta taso. Daga Sifaniya an ɗauki Aquí no hay quien viva (tashar Antena 3, 2003 zuwa 2006) da Cuéntame cómo pasó (tashar gwamnati ta TVE, 2001 zuwa 2023). An zaɓe su ne don sun tsaya kacokan kan iyali da maƙwabta, kuma sun shahara a ƙasarsu, ba don ana kallonsu a Maraɗi ba.

An yi amfani da ma'auni uku. Akwai fagen haɗuwa, wato wurin da marubuci ke tara 'yan wasansa. Akwai 'yan tsakani, masu ɗaukar magana daga gida zuwa gida da masu sulhu. Sai ƙashin rikici, abin da idan aka cire shi daga labari ba sauran abin da za a yi faɗa a kai. An auna sakamakon da abin da ayyukan kashi na biyu da alƙaluman hukuma suka tabbatar game da yankin.

4.0 Yankin Nazari

Ƙidayar 2012 ta ba jihar Maraɗi mutum miliyan 3.4. Gundumar Gidan Rumji, mai ƙananan hukumomin Tibiri, Cadakori, Gidan Sori, Sa'e Sabuwa da Gidan Rumji, tana da sama da 520,000 a lokacin. Gundumar Agye, wato Agye da Cadawa tare, tana da kusan 246,000. Gazawa, wadda aka cire daga Agye aka mai da ita gunduma a 2011, tana da kimanin 160,000 tare da Gangara. Mafi yawan waɗannan mutane manoma ne na hatsi, dawa, wake, gyaɗa, riɗi da aya. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna matsakaicin haihuwar mace a Nijar 7.6 ne, a jihar Maraɗi kuwa 8.4. Sama da kashi ɗaya cikin uku na matan aure a ƙasar suna zaune da kishiya.

Ma'anar waɗannan alƙaluma ga mai nazarin iyali ɗaya ce. Dajin da kakanni suka sara suka yi gona ya ƙare, hutun gona ya zama tarihi a yawancin ƙauyukan kudu, kuma gonar da ta ciyar da gida ɗaya jiya ita ake raba wa gidaje shida ko takwas yau.

5.0 Nazari

5.1 Fagen Haɗuwa

Kowane wasa mai dogon zango yana buƙatar wurin da zai riƙa tara mutane ba tare da mai kallo ya ce yaya aka yi suka haɗu ba. A Aquí no hay quien viva wurin nan bene ne guda, lamba 21 a titin Desengaño na Madrid. Matakala, ƙofar shiga da taron masu gidaje ƙarƙashin shugabansu Juan Cuesta su ne ke haɗa iyalan da ba su zaɓi juna ba. Maƙwabtaka a can ta sama da ƙasa ce, kuma doka ce ta tilasta ta, tun da kuɗin gyaran bene a kan kowa yake.

A Daɗin Kowa maƙwabtaka a shimfiɗe take. Fagagenta su ne teburin Ɗantani mai shayi, ƙofar gida, tsangayar Malam Nata'ala, shago, da tsakar gida. Marubutan sun mutunta ƙa'idar da kowane Bahaushe ya sani: namiji baƙo yana tsayawa a zaure ya yi sallama, mace da yaro su ne ke ratsawa ciki. Don haka labari kan rabu biyu, na waje da na ciki, sai a nemi wanda zai ɗinke su. A wannan fanni mai kallo a Gazawa ko Tibiri ba zai ga baƙon abu ba. Teburin mai shayi yana da ɗan'uwa a fadar samari, inda ake dafa shayi a ƙaramar buta ana raba shi zagaye uku, ana tattauna duk abin da ya faru a gari.

Bambancin yana wurin fagagen da babu su. Bakin rijiya ko famfo, inda matan ƙauye ke shafe sa'o'i, ba ya cikin manyan fagagen wasannin nan. Haka masussuka, haka injin niƙa, haka kasuwar mako, haka gona kanta. A Labarina da Izzar So kuwa ko unguwar ma ta ja baya, falo da ofis da cikin mota suka maye gurbinta, katanga da maigadi suka tsaya tsakanin gida da maƙwabci.

5.2 'Yan Tsakani

A benen Desengaño akwai tsofaffin mata uku, Marisa, Vicenta da Concha, waɗanda ba abin da ke wuce idonsu, har ana yi wa gulmarsu laƙabi da gidan rediyon tsakar bene. Akwai kuma Emilio mai gadin ƙofa, wanda kowa ke aika, kowa ke zarga. Aikin da waɗannan suke yi wa labari shi Kyauta Dillaliya take yi a Daɗin Kowa. Sana'arta ta ba ta izinin shiga kowane gida da ƙullin kaya a ka, ta fito da labari. Zaɓen dillaliya a wannan matsayi basira ce, domin a al'ummar da matan aure da yawa ba sa fita kasuwa, ita ce kasuwar, ita ce kuma jaridar. Mace a Agye ta san irinta, ta sayi atamfa bashi a hannunta, ta kuma san abin da bakinta ke iya haddasawa.

Inda aka sami gibi shi ne wajen sulhu. A wasannin Kano, idan rigima ta fi ƙarfin gida, ana zuwa wurin mai unguwa, ko malami, ko ofishin 'yan sanda. A gundumomin nan uku matakalar ta fi haka tsawo, ta kuma fi shi tsari. Ana farawa da dattawan dangi, a je wurin maigari da limaminsa, a wuce fadar sarki, wanda doka ta ba ikon sasantawa a sha'anin aure da gado da gona, kafin a kai ga alƙalin gwamnati, wanda shi ma yakan zauna da masana al'ada. Nijar ba ta da kundin dokar iyali guda ɗaya, yunƙurin samar da shi ya ci tura fiye da sau ɗaya, saboda haka al'ada da fiƙihu da dokar gwamnati suna aiki tare, wani lokaci suna karo. Matar da aka saka, ko marayan da baffansu ya riƙe gona, suna lissafin wace ƙofa ce za ta fi saurarensu. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya ɗauki zango guda na wasa. Haka nan ƙungiyoyin adashin Mata Masu Dubara, waɗanda ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991 kafin tsarin ya bazu a Afirka, sun zama majalisar mata ta mako-mako, inda ake jin wadda mijinta ya daina aiko da saƙo da wadda za ta aurar da 'ya. Wasannin ba su ba irin wannan zama muhimmanci ba.

5.3 Ƙashin Rikici

Nan ne zuciyar maƙalar. A Gidan Badamasi, Badamasi attajirin tsoho ne mai tsumulmula da tarin 'ya'ya daga mata daban-daban, kowannensu ido a kan dukiyar uban. Dariyar tana fitowa daga tazarar da ke tsakanin ladabin da ake nuna wa uba a gabansa da lissafin da ake yi a bayansa. A gidan Kamaye da Adama na Daɗin Kowa, babu ce ke hura wutar cacar baki: kuɗin cefane, bashi, abin da za a ba yara. A Labarina da Izzar So, wa zai auri wa, wa kuma zai riƙe kamfani. Idan aka tattara, ƙashin rikicin kuɗi ne, ko dai sun yi yawa ana wawaso, ko sun yi kaɗan ana gori, sai soyayya ta biyo baya.

Ba a cewa waɗannan ba su shafi ɗan Gidan Rumji ba. Gidan Badamasi musamman ya taɓo jijiya, domin auri-saki da 'yan uba da rabon gado ba su san iyakar ƙasa ba. Amma dukiyar Badamasi gidaje ce da kuɗi, abin da ake iya ƙirgawa a raba kowa ya kama gabansa. Gadon manomi ba haka yake ba.

A tsarin da Nicolas da Raynaut suka bayyana, gida yana da gandu, babbar gonar da kowa ke yi wa aiki a wasu ranakun mako ƙarƙashin maigida, daga cikinta ake ci, ake biyan haraji, ake yi wa samari aure. Kowace mace da kowane saurayi kuma ana yanka masa gamana, 'yar gonar da amfaninta nasa ne. Da gamana mace ke sayen akuya, ta yi biki, ta tara wa 'yarta kayan ɗaki, ta kuma ciyar da 'ya'yanta idan rumbun gandu ya yi ƙasa. Wato matsayin kowa a gida a rubuce yake a ƙasa. Da gonaki suka ƙanƙance, gamanar mace ce ta fara tafiya. Doka da Monimart sun nuna yadda a wasu ƙauyukan kudu ake hana amarya zuwa gona da sunan kulle, alhali ainihin dalilin shi ne babu gonar da za a ba ta. Tana fita gari, tana ɗebo ruwa, gona kawai aka rufe mata. A ɗaya gefen kuma, mata sun fara neman rabonsu na gado bisa shari'ar Musulunci, abin da a da sukan bar wa 'yan'uwansu maza don su sami wurin komawa idan aure ya mutu.

A dubi ranar rabon gona ɗaya. Maigida ya rasu ya bar mata biyu da 'ya'ya fiye da goma. An yi sadakar arba'in, an taru a gonar da safe, liman da wakilin maigari suna gaba, ana auna ƙasa da igiya ko da taki. Babban ɗa, wanda ya shekara ashirin yana kai taki wannan gona da amalanke, yana ganin ɓangaren da ya fi kyau haƙƙinsa ne. Ƙaninsa da ya dawo daga Legas yana son a ba shi nasa ya sayar wa wani ɗan kasuwa daga Maraɗi. 'Yar da ke aure a wani gari ta zo da mijinta, kuma zuwan mijin kaɗai ya ɓata wa 'yan'uwanta rai. Amaryar marigayin, mai ƙananan yara, ba ta ce komai ba, tana kallon inda za a dasa gamba a yi iyaka. Akwai kuma gawo babba a tsakiya, wanda babu wanda ya yarda ya faɗa rabon wani. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin ƙasa masu ba da takardar shaida, saboda haka yanzu har da tambayar wa zai riƙe takarda. Duk abin da marubucin wasa ke nema yana nan: 'yan ubanci, kishi, kunya, dariya, da abin da ba a iya faɗa a gaban surukai.

Cuéntame cómo pasó ya nuna cewa wasan birni yana iya ɗaukar wannan kaya. Iyalin Alcántara suna zaune a unguwar San Genaro ta Madrid, labarinsu ya fara daga 1968, amma iyayen, Antonio da Mercedes, 'yan ƙauyen Sagrillas ne da suka yi ƙaura. Kaka Herminia tana cikin gidan a matsayin ƙauyen da ya biyo su, kuma labarin yakan koma Sagrillas kan batun ƙasa da tsofaffin rigingimun da aka gada. Marubutan ba su yanke cibiyar da ke tsakanin unguwa da ƙauye ba. A wasannin Hausa da aka duba, ɗan ƙauye yakan shigo ne a matsayin abin dariya ko abin tausayi, ba mai gona da lissafi ba.

5.4 Maigidan da Ba Ya Nan

Wasannin suna ɗauka cewa maigida yana kwana a gida, ya fita da safe ya dawo da yamma. A yankin nazari, da an gama girbi samari da magidanta da yawa sukan tafi cin rani, zuwa Katsina, Kano, Legas, Agadas, Libiya ko wuraren haƙar zinariya, sai damina ta kusa su dawo, wasu ma su zarce. Na tsawon watanni, gida yana hannun tsoho da mata. Wa ke da ikon buɗe rumbu, tiya nawa za a auna a rana, wace ce cikin kishiyoyi aka aiko wa kuɗi ta waya, uwar miji ce ke karɓa ko matar: waɗannan su ne siyasar gida a lokacin rani. Yunwar 2005, wadda ta yi tsanani a jihar Maraɗi duk da ita ce rumbun ƙasar, ta fito da wannan a fili, domin ta nuna cewa samun hatsi a gida ba ya nufin kowane ɗaki ya samu. Kishin da wasanni ke nunawa na kwana ne da kwalliya. Na ƙauye yakan kasance na kwanon awo.

5.5 Maƙwabcin da Ba Ɗan Gari Ba

A nan Daɗin Kowa ya cancanci yabo. Ya sanya Stephanie, Kirista, a tsakiyar unguwar Musulmi a matsayin maƙwabciya ta gaske, ya kuma taɓo shaye-shaye, almajiranci da yadda masu tsattsauran ra'ayi ke jan matasa. Wannan ya dace da asalin tashar Arewa24, wadda ƙungiyar Equal Access ta kafa da tallafin gwamnatin Amurka domin yaɗa zaman lafiya.

Sai dai baƙon Gidan Rumji wani ne daban. Tun 2019 dubban iyalai daga jihohin Sakkwato, Zamfara da Katsina suka ƙetaro suna gudun 'yan bindiga. Kafin a kafa matsugunai a Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori, gidajen talakawan ƙauyukan bakin iyaka ne suka karɓe su, aka raba ɗaki, aka raba tukunya. Akwai kuma makiyayi, maƙwabcin da ake musayar nono da hatsi da shi, ake kuma rigima da shi kan burtali. Mutanen yankin ba su manta da abin da ya faru a Toda a watan Oktoban 1991 ba, inda aka kashe sama da mutum 100, mafi yawansu mata da yaran makiyaya. A gefe guda, ƙauyen Ɗan Saga na Agye ya yi suna wajen renon itatuwan da ke tsirowa da kansu a gona, da kwamitin sa ido da gari ya naɗa don hana saran dare. Maƙwabtaka a nan ana gwada ta ne a kan rijiya, burtali da itace.

6.0 Dalilan Gibin da Abin da Ya Kamata

Gibin ba daga rashin gwaninta ya taso ba. Ana rubuta wasannin a Kano, ana ɗaukarsu a Kano da kewayenta, masu talla kuma mai saye na birni suke nema. Ɗaukar hoto a falo ya fi sauƙi da araha a kan kwasar ma'aikata zuwa gona a jira hadari. Kuɗin YouTube yana bin yawan masu kallo ta intanet, mai kallon da aka tura wa fim a kati a kasuwar Cadawa kuwa ba ya shiga lissafin kowa, ko da shi da gidansu duka suka kalla. Ta fuskar Nijar, wasan da Beik ta nazarta ya san ƙauye, ya yi magana kan tsadar aure da cin rani, amma a jikin gwamnati ya rataya. Da samariya ta watse bayan sauyin siyasar farkon shekarun 1990, babu kasuwar da ta karɓe shi.

Abin da ya rage na wancan gado bai ɓace ba. Gwanintar zuba magana ba tare da takarda ba tana nan a bakin mutane, gidajen rediyon karkara suna nan, kuma wayar da ake kallo da ita tana iya ɗaukar hoto. Wasa mai ƙashin rikicin gona ba ya buƙatar katafaren gida ko mota, yana buƙatar marubucin da ya zauna a wurin rabon gado ya saurara. Wajibi ne a guje wa mayar da shi wasan faɗakarwa na ƙungiyoyin agaji, inda ake sanin darasin tun fitowa ta farko, domin mai kallo ya riga ya saba da labarin da ke riƙe shi mako bayan mako.

Maƙalar tana kira ga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi da sassan nazarin Hausa na Katsina da Kano da su tura ɗalibai su nazarci yadda ake kallon waɗannan wasanni a ƙauyukan Agye, Gazawa da Gidan Rumji, wa ke riƙe wayar, wa ke zaune a bayansa, me ake cewa bayan an gama. Tana kuma kira ga marubutan Kano da masu shirya wasa na Maraɗi da su haɗa hannu su rubuta zango guda da zai fara da shuka ya ƙare da rabon gona, a ɗauke shi a ɗaya daga cikin waɗannan gundumomi, da bakin mutanen wurin.